Ƙugun Inna Jumma

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Ban je gona ba. Matata Elizabet ta goya 'yarmu Rahila, ta saɓa fartanya ta tafi ita kaɗai. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba. Kunun da ta dama yana nan a rufe a kan turmi.

An ce ƙarar da muka ji jiya taya ce. Wata babbar mota mai ɗauke da taki ce tayoyinta biyu suka fashe a kan hanyar Zakirai, ɗaya bayan ɗaya. Iyakar abin da ya faru jiya ke nan a Gidan Tankari. Babu wanda ya shigo mana gari, babu bindiga ko ɗaya.

Taya ce.

Litinin, da yamma

Baba Shago, babban dattijon ikilisiyarmu, ya kawo min Littafi Mai Tsarki nawa da na bari a buɗe a kan bagadi, wurin da nake wa'azi. Ya tsaya a zaure ya miƙo da hannu biyu, ya ce, “Malam Nathan, ka bar wannan.” Idonsa na ƙasa. Tun ina tsirara mutumin nan ya san ni, yau shi ne yake jin nauyin kallona.

Na tambaye shi jikin Inna Jumma, tsohuwar da ta faɗi jiya a majami'a. Ya ce ƙashin ƙugu ne. Malam Uwaisu mahauci, na unguwar Musulmi, shi ya ɗauke ta a motar da yake dakon tumaki ya kai ta Gezawa, daga can aka ce a wuce da ita birni. 'Yarta Dorathy tana tare da ita.

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ce amin. Ya juya ya tafi.

Talata, da asuba

Ban buga ƙarfen addu'ar safe ba. Wani ya buga, ban san ko wane ne ba. Bugun nasa ba irin nawa ba ne.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Na durƙusa kamar kullum. Kalmomin suka fito a jere, babu wadda ta ɓace min: godiya, roƙon gafara, marasa lafiya, masu mulki, damina. Na kai ƙarshe na ce amin, sai na ga kamar lissafin buhuna na yi. Ko kwanon ɗakin ba su wuce ba.

Ina ta tuna wa'azin. Da ma a ce kan wani abu dabam na yi shi. Makonni ke nan ana ta raɗe-raɗin masu satar mutane a ƙauyukan yamma, mata sun daina zuwa itace nesa, maza suna zuwa sujada da sanduna. Na ga ya kamata in ƙarfafa su. Na ce mai bi ba ya tsoro. Na ce tsoro alamar zunubin ɓoye ne. Na bugi bagadi na ce in ma sun zo, ni ne na ƙarshe da zai fita daga majami'ar nan.

Ban daɗe da rufe baki ba sai ƙarar ta tashi kamar harbin bindiga, kowa ya ruga ƙofa.

Alhamis, bayan la'asar

Ruwa ya sauka sosai. Maimai, noma na biyu, ya kama kowa, ni ina ɗaki.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Ni na zaunar da ita a wurin. Wannan ne abin da nake ta kewayewa tun Litinin.

Shekarun baya na sa Inna Jumma a horo saboda dafa burkutu. Mijinta ya mutu, ita ke riƙe da jikoki, ta ce ita sana'ar da ta gada ke nan, ba ta iya wata ba. Na ce Allah ba ya karɓar uzuri. Na hana ta Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada, na cire ta daga Zumuntar Mata, na ce wurin zamanta benci na ƙarshe, a bakin ƙofa, don kowa ya gani ya ji tsoro. Dattawa sun so a sassauta, na ƙi. Na zaci za ta daina zuwa. Ba ta taɓa fashin Lahadi ɗaya ba. Takan zo da wuri da sandarta, ta share bencin da gefen zane, ta zauna.

Ƙofar tamu ɗaya ce, kuma ƙarama ce.

Asabar, da yamma

Na aika wa Baba Shago cewa zazzaɓi nake yi, ya riƙe sujadar gobe. Har ƙarya na fara.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Ina jin waƙarsu daga nan. Ba su da yawa.

Lahadi, bayan an taso

Elizabet ta dawo ta cire ɗankwalin Zumunta ta ninke. Na ce, “Maman Rahila, an yi maganata?”

Ta ce, “A'a.”

Na ce, “Ke fa, ba za ki ce komai ba?”

Ta zauna a bakin gado tana cire wa yarinyar takalmi. Sannan ta ce, “Da aka yi ihun sun zo, na kwanta a kan Rahila a ƙarƙashin benci. Na ɗaga kai ina nemanka. Na ga ƙafarka ta wuce ta gabana, Malam. Har wandonka ya taɓa min fuska.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ta ɗauki yarinyar ta fita tsakar gida, na ji tana hura wuta.

Litinin, da rana

Na fara azumi. Ba zan ci ba sai Allah ya yi min magana.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

A gonar dawar Badaru, ɗan ikilisiyarmu, na kwanta ranar, can hayin rafi. Ban san yadda na tsallake ruwan ba. Na kifa ciki a cikin kunya har rana ta karkata, tururuwa na bin wuyana.

Na yi ta binciken kaina ko na yi addu'a a wurin. Na so a ce na yi. Abu ɗaya bakina yake ta maimaitawa: kada su gan ni, kada su gan ni. Ban ambaci Rahila ba. Ban ambaci Elizabet ba. Sunan Yesu ma, wanda nake tashin gari da shi kowace asuba, bai zo min ba.

Tun da aka yi min baftisma giya ba ta taɓa leɓena ba. Ni na fasa tukunyar tsafin babana da hannuna, yana kuka yana roƙona. Ban taɓa makara sujada ba. Na san wanda ya yi baiko, sadakar sujada, da wanda bai yi ba, na san matar da ta zo ba ɗankwali. Duk wannan na ɗauka shi ne bangaskiya. Da ƙarar ta tashi na laluba, ban samu komai a cikina ba sai ƙafafu.

Babana, da muke ce masa arne, ranar da gobara ta kama rumbunmu shi ya koma cikin hayaƙi ya fito da akuya. Akuya fa.

Alhamis, da safe

Jiri. Allah bai yi magana ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Gishiri ya ƙare, Elizabet ta ce in je kasuwa. Ina jin da gangan ta aike ni. Na ja hula na bi ta bayan rumfuna, amma sai da na faɗa a gaban teburin Malam Uwaisu. Ya ajiye wuƙa ya goge hannu ya ba ni.

Na ce, “Malam Uwaisu, na ji abin da ka yi. Allah ya saka.”

Ya ce, “Haba, ai uwa ce. Da nonon akuyarta aka yaye ƙanina.” Ya kori ƙuda, sannan ya ce, “Wai wane ne Tanko a cikinku?”

Tanko sunana ne na yanka, tun kafin baftisma. Babu mai kirana da shi yanzu. Na ce ni ne.

Ya ce, “To, kai take ta tambaya a mota. Kowane rami muka faɗa sai ta yi ƙara, in ta dawo hayyacinta ta ce, Tanko ya tsira? Ba su kama shi ba ko? Har muka isa Gezawa. Ni kuwa na ce mata ya tsira, don ta samu natsuwa.”

Ya ƙulla min tsoka a leda ya ce in kai wa yarinya. Na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba. Gishirin ma na manta da shi.

Asabar, da rana

Na karya azumin da kunu. Ba don an amsa min ba, yunwa ce ta ci ƙarfina.

Lahadi

Zazzaɓi kuma.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

Sun dawo da ita gida jiya. An ce likita ya ce tsufa ya yi yawa, ƙashin ba zai haɗu yadda yake ba. Wataƙila ta zauna, wataƙila ta ɗan dogara sanda zuwa bakin ƙofa. Gona kam ta gama.

Duk gari sun je dubiya, har matan unguwar su Uwaisu. Na kai gindin ɗorawar ƙofar gidanta, na ji muryoyi, na juya.

Laraba, da hantsi

Da sassafe na ɗauki fartanya na shiga gonar geronta. Ciyawa ta kusa cinye ta. Na yi noma har bayana ya sage, na gudu kafin mutane su fito. Yau ne kawai tun ranar na ji kamar ni mutum ne.

Alhamis, da hantsi

Na koma. Saura gefen kuka.

Juma'a, 1 ga Agusta, da rana

Dorathy ta kama ni. Ta tsaya a kan iyaka da tulu a kai, ta ce, “Malam, wa ya sa ka?”

Na ce babu.

Ta ce, “Ka taka ta a gaban mutane, kana so ka biya a ɓoye? Ni na ɗaga ta daga bakin ƙofar nan. Sawun takalminka yana jikin zaninta, ban wanke ba har yanzu.” “Kullum kai ne mai gaya mana wanda Allah yake fushi da shi. Fita mana daga gona.”

Na fita.

Juma'a, da yamma

Dorathy ta zo har gida, ta tsaya daga waje, ba sallama. Ta ce saƙo aka ba ta, ba don son ranta ba. “Inna ta ce a gaya maka ƙugunta ba na sayarwa ba ne, kada ka ƙara taɓa mata gero. Ta ce in kana da ƙafa ka zo.”

Elizabet tana tankaɗe, ta ji komai. Ba ta ɗago ba.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Na hau babur na je wurin Rabaran Iliya, wanda ikilisiyarmu take ƙarƙashinsa. Na ce na zo in ajiye aikin bishara, a kuma sa ni a horo mafi tsanani da yake akwai, a gaban jama'a. Na ma tsara yadda za a yi. Na ce a hana ni Jibi shekara uku, in riƙa share majami'a.

Yana ɓare gyaɗa yana saurarona. Da na gama ya ce, “Nathan, har hukuncin ma kai za ka yanke wa kanka?”

Na ce na cancanta.

Ya ce, “Ban ce ba ka cancanta ba. Ka je ka gan ta?”

Na ce tukuna.

Ya ce, “To ba ni da abin da zan karɓa a hannunka yau. Kana ta neman abin da za ka riƙo ka je da shi. Azumi, noma, yanzu kuma horo. Ka je hannu wofi mana, ka ga ko za a kore ka.”

Na ji haushinsa duk tsawon hanya. Har yanzu ina ji.

Talata

Ban je ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Na je.

Ban taɓa shiga ɗakin nan ba tun da na zama mai bishara. Nakan tsaya daga waje saboda tukwanen. Suna nan a jere a bayan ɗaki, a kife, kaji na hawa.

Tana kwance a kan tabarma, an tokare ta da buhun ƙaiƙayi. Ta rame ƙwarai. Ɗakin yana warin magani da fitsari. Dorathy ta gan ni ta fita.

Na durƙusa. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, “Inna, ni ne.”

Ta ce, “Na san kai ne, Tanko. Matso, idona ba ya kai wa can.”

Na matsa. Ta kama hannuna ta shafa, ta ce na rame, wai Elizabet ba ta ba ni abinci ne? Na ce, “Inna, ni na ture ki. Na ji kin faɗi, na ji ƙafata a jikinki, ban tsaya ba.”

Na zaci za ta ce ba komai, ko ta ce ruɗani ne, kowa ma ya gudu. Na ma so ta faɗi haka. Ta ce, “Kai ne. Na ga fuskarka. Kuma da zafi, Tanko, har yanzu da zafi. Wani lokaci in ciwon ya taso nakan zage ka, kada in yi maka ƙarya.”

Na ce ta gaya min abin da zan yi.

Ta ce, “Babu. Me za ka yi? Za ka ba ni naka ƙugun ne?” Ta yi dariya kaɗan, ciwon ya katse ta. Da ta huta ta ce, “Na yafe maka tun a motar Uwaisu. Ba don kirkina ba. Shekarun da na yi a bencin nan, kowace Lahadi kana faɗin laifina, kuma gaskiya kake faɗa, ina da shi. Ni kuwa in ce, Yesu, ka ji dai, ga ni, ba ni da abin da zan ba ka. Bai taɓa korata ba. Ko sau ɗaya ban koma gida ba tare da ya sanyaya min rai ba. To ni wace ce da zan riƙe ka?”

Na kifa kaina a gefen tabarmar. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka ba. Hannunta yana kan ƙeyata, tana cewa ya isa, ya isa, kamar ana lallashin yaro.

Da zan tafi ta ce abu ɗaya take so. Tana so ta ci Jibi kafin Allah ya ɗauke ta.

Kunyar da ta fi duka ita ce wannan, zan rubuta ta don kada in manta. Kafin in yi tunani, kalmar ta riga ta zo kan harshena: ai kina horo. Na haɗiye ta. Amma ta zo.

Alhamis, da safe

Na yi addu'a. Gajeruwa ce, ba ta da tsari. Na ce ga ni, sai na rasa abin ƙarawa, na zauna kawai. Ban ji murya ba. Amma ban ji ni kaɗai ne a ɗakin ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan an taso

Na je sujada. Na roƙi Baba Shago ya ba ni dama kafin baiko. Ban hau bagadi ba, a ƙasa na tsaya. Na ce ba zazzaɓi nake yi ba. Na ce na gudu na bar matata da 'yata da su duka, na taka Inna Jumma na wuce. Na ce abin da na yi shekaru ina ɗora musu, ni ma bai ɗauke ni ba ranar da na bukace shi. Na roƙi gafararsu.

Wata mata ta yi tsaki. Badaru ya tashi ya fita da iyalinsa, an ce wata majami'ar za su koma.

Dattawa sun zauna bayan sujada. Sun ce in huta da wa'azi har bayan kaka, sannan a duba. Sun ɗage horon Inna Jumma. Ba a tambayi ra'ayina ba, kuma daidai ne.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma

Rabaran Iliya ya zo da gurasa da ƙoƙo a cikin jakarsa. Mu kaɗan ne a ɗakin: shi, Baba Shago, Elizabet da Rahila a baya, Dorathy tana tallafe da uwarta. Ni na tsaya daga bakin ƙofa. Na riga na ƙudura cewa ba zan ci ba, rakiya kawai na yi.

Rabaran ya tambaye ta, kamar yadda ƙa'ida ta ce, ko ta bar dafa giya. Ta ce, “Ranka ya daɗe, da wace ƙafar?” Baba Shago ya rufe baki da hula. Har Dorathy sai da ta murmusa, ko da yake ni har yau ba ta amsa gaisuwata.

Ya yi addu'a ya ba ta gurasar. Ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe, hawaye na bin kunnenta. Ta sha ƙoƙon. Da Rabaran ya miƙa hannu zai karɓa, ta ƙi saki.

Ta ce, “Tanko fa?”

Na ce, “Inna, ni ban isa ba.”

Ta ce, “Wa ya isa? Shigo, hannuna ya gaji.”

Na dubi Rabaran, ya kau da kai yana gyara jakarsa. Na dubi Elizabet. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da rabona da shi tun ranar. Sannan ta ja ƙafarta gefe, ta ba ni hanya.

Na shiga da gwiwa. Hannun Inna yana rawa, kaɗan ya zube a rigata. Na sa hannuna biyu a kan nata, na sha.